Furen kuɓewa a hoton baƙi da fari: amsa ga wata ƙanwa daga Agege

Tambayar da ta zo ita ce: "Assalamu alaikum Yaya. A Agege nake zaune. Na shuka kuɓewa a bokitai huɗu a saman benenmu, yanzu ta fara fure. Kyan furen ya sa nake ɗaukarsa da waya, kuma ina so in haɗa jerin hotuna baƙi da fari, kamar goma, in wanke in rataye a ɗaki. Amma duk wanda na cire wa launi sai ya yi dishi-dishi kamar an barbaɗa masa toka, fure da ganye duk su zama abu guda. Laifin wayar ne, ko sai na sayi kyamara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kuɗin kyamara dai ki bar su inda suke tukuna, kada ki nufi Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci. Na fi shekara ashirin ina cin abinci da hoto a garin nan, tun zamanin da muke loda fim mu shiga ɗakin duhu mu wanke da hannu, kuma wannan dishi-dishin da kika faɗa na sha ganinsa a hannun masu kyamarar miliyoyi. Ban ga hotunanki ba, amma bari in yi canke. A saman benen kika ɗauka, rana ta riga ta ɗaga, bayan furen kuma akwai tankin ruwa da igiyar shanya da kwanon rufin maƙwabta. In na canka daidai, to wayar ba ta ci amanarki ba, abin da kika nuna mata ta miƙo miki.

Idon mutum da launi ya saba rarrabe abubuwa. Da an zare launin, tambaya ɗaya ta rage a cikin hoto: ina ne ya fi ina haske? Na'ura kuwa tana da nata lissafin na mayar da launi toka. Tsohon lissafin da aka gada daga talabijin yana ba kore kashi 59 cikin 100, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. Saboda haka ganye kore da rana ta doka yakan fito da haske sosai, har ya matso kusa da hasken furen, su haɗe. Da ma jan furen nan na shingen gidaje kika ɗauka, wanda ya cika Ikeja da Ikoyi, shi ma dangin kuɓewa da zoɓo da rama ne, da abin ya fi haka ɓaci. Jan nan da ke ƙona ido da koren ganyensa sukan faɗa toka kusan iri ɗaya, furen ya saje da ganye kamar hawainiya.

Ke kam kin yi dace da zaɓi, ko da ba da gangan ba. Furen kuɓewa da baƙinsa da farinsa ya zo tun daga gida. Falle biyar ne ruwan madara mai sirkin rawaya, tsakiyarsa ja ne wur da ya kusa zama baƙi, irin na zoɓon da aka jiƙa ya kwana, ga sanda a tsaye daga cikin duhun nan tana ɗauke da garin fure. Jikin itacen kuma duk ƙaiƙayi. Santsi da kaushi, fari da baƙi, duk a abu ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Mutane na biyan kuɗi su sayi furen da bai kai shi daɗin ɗauka ba. Abin da ya rage miki shi ne haske, kuma a nan zan daɗe, domin kusan duk amsar tana nan.

Sauko da bokiti ɗaya daga saman bene. Na san da nauyi, a nemi yaro ya taya ki, kuma tun da dare za a yi, kafin furen ya buɗe. Hasken saman bene daga ko'ina yake zubowa, sama da gefe da ƙasa inda siminti ke mayar da shi, shi ya sa babu inuwar da za ta nuna cewa furen yana da zurfi kamar ƙoƙo. Hoton baƙi da fari kuwa da inuwa ake gina shi. Ki zaɓi ɗaki mai taga ɗaya, in biyu ne ki rufe ɗaya da bargo. Ki kashe ƙwan lantarki, in ma an kawo wutar. Ki ajiye bokitin kamar taku ɗaya ko biyu daga tagar, yadda hasken zai zo daga gefe, dama ko hagu, ke kuma ki tsaya kafaɗarki na fuskantar tagar. Kafin ki taɓa waya, ki riƙa juya bokitin a hankali kina kallo. Akwai inda za ki kai sai ki ga ƙaiƙayin jikin itacen ya tashi ɗaya bayan ɗaya yana walƙiya, jijiyoyin fallen furen sun fito kamar saƙa. In kika ƙara juyawa kaɗan duk su kwanta, furen ya koma farar takarda. Wannan juyin bokitin ya fi duk wani gyara da za ki yi a manhaja daga baya.

Wace taga? Littattafan Turai za su ce miki tagar arewa, wai rana ba ta taɓa shigowa ta nan kai tsaye. A ƙasarsu haka ne. Mu a Legas muna kan digiri 6 da rabi ne kawai arewa da tsakiyar duniya, rana kuma tana bi ta saman kanmu sau biyu a shekara, wajen farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan watannin ta arewa take karkata, daga Oktoba zuwa Maris kuma ta kudu. Don haka a watan Yuni tagar kudu ce mai sanyin haske, a Disamba kuma ta arewa. In kuma tagar gabas kawai gare ki, rana tana faɗowa ciki da safe, ki rataya farin mayafi marar kauri ko guntun alawayyo a jikinta. Hasken zai tausasa, bakin inuwa ya daina kaifi. Ranar da hadari ya rufe gari, irin na Yuni da Yuli, ba ki buƙatar mayafin, girgije ya yi miki aikin kyauta.

Gefen furen da ba ya fuskantar taga zai yi duhu. Kada ki yi saurin tsorata da shi. Ki ɗauko farin kwali, ko murfin kula mai fari, ki riƙe a wancan gefen, ki matso da shi ki ja da shi baya kina lura. In ya matso, inuwa ta yi sauƙi. In ya yi nisa, ta yi nauyi. Ni a nawa ra'ayin masu koyo suna yawan cika hasken nan har su kashe inuwar gaba ɗaya, su koma gidan jiya. Ki bar mata rabonta, ki ba ta ɗan haske daidai yadda za a gane akwai abu a ciki. Akwai kuma akasin haka, wanda ba kowa ya sani ba. In ɗakinku farin fenti ne, bangon kansa yana mayar da haske ta ko'ina, sai ki rataya baƙin zane a gefen inuwar ya shanye shi. Sau da yawa rage haske nake yi a ɗaki, ba ƙarawa ba.

Ki kuma gwada wata tsayuwar. Ki sa furen tsakaninki da tagar, amma tagar kanta kada ta shiga hoton, ki ɗan kauce gefe yadda bayan furen zai zama duhu. Fallen furen kuɓewa siriri ne, haske yana ratsa shi. Zai kama kamar an kunna masa fitila daga ciki, inda falle ya hau kan falle ya yi duhu kaɗan, jijiyoyi su fito baƙaƙe. Ganyen ma haka. Wannan shi ne hoton da mutane za su tsaya a gabansa, amma kada ki yi duk jerin da shi, zaƙi in ya yi yawa gundura yake.

Filashar waya kuwa, ki kashe ta ki manta da ita. Daga gaba take dukan abu, ta share duk wata inuwa.

Sai abin da za ki sa a baya. In baƙi kike so, karammiski ya fi komai, domin gashinsa yana haɗiye haske. Yadi ɗaya ya isa, za ki samu a Balogun ko Oshodi. Shadda kada ki kusance ta, ko baƙa ce ƙirin, ƙyallinta zai fito fari-fari a bayan furen. In babu karammiski, kowane baƙin zane zai yi, muddin kin nisanta shi. Dalilin shi ne haske yana raguwa da sauri in ya yi nisa da inda ya fito. Ga ƙaramar fitila, in kika ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ya rage, in sau huɗu ne, ɗaya cikin goma sha shida. Taga ta fi fitila faɗi, lissafin ba ya zama cif haka, amma hanyar ɗaya ce. Fure kusa da taga, zane can cikin ɗaki kamar taku huɗu, sai ki ga ko bango mai ruwan toka ya koma baƙi. Ƙofar ɗaki mai duhu da aka bari a buɗe ma ta isa. Lokacin hunturu ki riƙa karkaɗe zanen kullum, ƙurar da ido bai gani ba tana fitowa ɗigo-ɗigo a hoto.

Yanzu maganar lokaci, wadda ta sa na ce a sauko da bokiti tun da dare. Furen kuɓewa na yini ɗaya ne, yinin ma ba cikakke ba. Da safe yake buɗewa, zuwa bayan azahar ya fara laushi yana nannaɗewa, washegari ya faɗi ya bar ɗan ƙaramin kuɓewa a gurbinsa. Da sanyin safiya ake kama fara. Rana a Legas tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 duk shekara, kuma da sauri take hawa, don haka daga gari ya waye zuwa wajen ƙarfe goma shi ne kasuwarki. Ƙullin da zai buɗe gobe za ki gane shi yau da yamma, ya kumbura, bakin fallen ya leƙo a nannaɗe kamar rawani. Wannan ma hoto ne, kuma ni ya fi burge ni a kan furen da ya buɗe sarai.

Kada ki tsinke shi. Na taɓa yin wannan wautar da ɗan'uwansa, jan furen shinge. Na gan shi a wani gida a tsibiri da safe, na roƙi mai gadi ya tsinko min uku, na sa a leda na hau danfo zan kai shagona in ɗauka a natse. Cunkoso ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland. Ko da na isa na buɗe ledar, abin da ke ciki ya fi kama da tsumman goge tukunya. Tun daga ranar, ko dai in je inda fure yake, ko a kawo shi da tukunyarsa. Bayan kin gama ki mayar da bokitin sama, kuɓewa 'yar rana ce, in ta yi kwanaki a ɗaki za ta rame. Tunda huɗu gare ki, ki riƙa yi musu karɓa-karɓa.

Saitin waya ba shi da yawa. Babban idon waya mai faɗi ne, in kika kusanta shi da fure sai abin da ke gaba ya kumbura, na baya ya tsuke, kuma inuwar hannunki ta faɗa kan furen. In wayarki tana da ido na biyu mai jawo abu, wanda aka rubuta 2x ko 3x, ki yi amfani da shi ki ja da baya. Tsarin nan na hoton mutum da ke dusar da baya da kansa, ki kashe shi, domin ƙirƙirar dushewar yake yi, kuma yana aske ƙaiƙayin da muke nema. Ki taɓa furen a fuskar waya ki danne har saiti ya kulle, sannan ki ja alamar rana ƙasa. Wannan jan yana da muhimmanci. Ma'aunin hasken kowace kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani matsakaicin toka. In ya ga baƙin zane ya cika hoto sai ya ɗauka duhu ya yi yawa, ya ƙara haske, zanen ya koma toka, furen ya ƙone fari fat. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duk gwanintarki. Duhu kuwa ana iya ɗaga shi daga baya. Ki rage har sai kin ga jijiyoyi a wurin da ya fi ko'ina haske a furen. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

In wayar tana da tsarin ƙwararru, ki sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, ki kunna RAW, wato ajiye hoto ɗanye ba tare da waya ta gyara shi ba, in akwai. Hakan zai sa kyamara ta daɗe kafin ta ƙifta, don haka hannu ba zai iya ba. Ki jingina wayar a kan tarin littattafai, ko ki sayi ƙaramar ƙafa uku mai maƙalar waya, ita kaɗai ce abin da zan ce ki kashe wa kuɗi. Ki sa agogon jira na daƙiƙa biyu ko uku don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta. Fanka a kashe, zufar minti goma ba ta kisa. Ku mutanen Agege kuma kuna da ƙarin abokin gaba, in gidanku na kusa da layin dogo ki jira jirgi ya wuce, haka in janareton maƙwabci yana kaɗa bene. Furen a kan dogon kara yake, girgizar da ƙafarki ba ta ji ba shi yana ji.

Wanda ke da babbar kyamara yana karanta wannan, ya fara da saita ƙofar haske a f/8 ko f/11. A wannan kusancin, abin da ke fitowa tar bai kai kaurin santimita ɗaya ba, furen kuma ya fi haka zurfi, dole ka zaɓi inda za ka sa saitin. Ni kan sandar tsakiya nake sawa. Matse ƙofar haske zuwa f/22 yana ƙara zurfin, amma yana dusar da hoton gaba ɗaya. Kuma a damshin Legas, idon kyamarar da aka rufe a jaka wata da watanni fumfuna yake yi daga ciki, a ajiye shi a mazubi mai murfi da ƙullin nan masu shan damshi da ke zuwa a kwalin takalmi.

Ki ɗauka da launinsa, ki mayar baƙi da fari daga baya, kuma kada ki yi da maɓallin nan guda na Instagram. A zamanin fim, gilashi mai launi muke ɗaurawa a gaban kyamara. Kowane gilashi yana haskaka launinsa ya duhunta kishiyarsa. Ja yana farar da ja ya baƙanta ganye, amma yana cin haske har ninki takwas, sai ka tsawaita ɗauka. In ka yi kuskuren zaɓi kuwa shi ke nan, sai wani fim ɗin. Ke yanzu duk wannan yana hannunki bayan an gama. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed, sashen baƙi da fari yana da zaɓin waɗannan gilasan. A manhajar Lightroom kuma launi takwas ne, kowane da majanyinsa, wato abin da ake ja a ƙara masa haske ko a rage. Ga kuɓewa, ki ja kore ƙasa ganye ya yi duhu, ki ɗaga rawaya kaɗan furen ya fito. Sai dai ki yi hattara, koren ganye yana da rawaya da yawa a cikinsa, in kika ɗaga rawaya sosai ganyen zai biyo furen sama, ki koma inda kika fito. Jan tsakiya kuma ki ɗaga shi ɗan kaɗan, don kada ya zama rami baƙi da ba a ganin komai a ciki. Bayan haka ki tabbata akwai wuri ɗaya a hoton da ya kai baƙi na gaske, da wuri ƙarami da ya kusa fari. Hoton da babu ko ɗaya daga cikinsu shi ne tokar da kika kawo ƙara. Majanyin da ke ƙara kaifi da kaushi kuwa, a jikin itace da ganye yana da amfani, a kan fallen fure yana mayar da shi kamar fatar tsohuwa. Kaɗan ya isa.

Saura maganar jeri, inda mutane da yawa ke faɗuwa ko da kowane hoto nasu ya yi kyau shi kaɗai. Hotuna goma masu kyau ba lalle su zama jeri ba. Mafi kyawun malami a kan wannan a nan garin ya zauna: J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a Legas a 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya, baƙi da fari, har ya tara kusan dubu, an kuma nuna su a babban baje kolin Venis a 2013. Ki nemi hotunan ki kalla da kyau. Bayan hoton wayam, babu kujera babu labule. Da yawa daga ƙeya ya ɗauka, fuskar ma ba a gani. Nisa kusan ɗaya, haske kusan ɗaya. Da yake bai canza komai ba sai kitson, idon mai kallo ba shi da wurin zuwa sai kan kitson, sai ya fara ganin bambancin da da can yake wucewa a titi bai lura ba. Kafinsa akwai Karl Blossfeldt, Bajamushe malamin zane a Berlin, wanda ya harhaɗa kyamararsa da hannunsa ya yi shekaru yana ɗaukar toho da ƙullin fure da ganye a gaban kwali marar ado, don ɗalibansa su koyi siffa. Sai a 1928 aka buga su a littafi, yana da shekara sittin da uku. In kuma wani a gida ya yi miki dariya wai kina ɗaukar kayan miya, ki gaya masa ɗaya daga cikin shahararrun hotunan baƙi da fari a duniya tattasai ne guda ɗaya, Edward Weston ya ɗauka a Amurka a 1930.

To ki yanke wa kanki doka tun ranar farko, ki kuma bi ta. Taga ɗaya, zane ɗaya, haske daga gefe ɗaya. In a tsaye kika fara, duk su zama a tsaye, in murabba'i ne, duk murabba'i. Ki sa alama da alli a ƙasa inda bokiti ke zama da inda ƙafar waya ke tsayawa. Gyaran da kika yi wa hoto na farko ki kwafe shi zuwa sauran, sannan ki ɗan daidaita. Abin da zai canza shi ne shukar, kuma ita ba ta buƙatar taimakonki, domin kuɓewa da labarinta take zuwa. Ƙulli a rufe. Ƙulli ya leƙo. Fure rabin buɗewa da asuba. Fure sarai. Furen daga baya, inda ƙoƙon kore ya riƙe shi, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Furen la'asar da ya fara nannaɗewa. Wanda ya faɗi ƙasa ya yamutse. Ɗan kuɓewa kamar kan yatsa, sannan bayan kwana huɗu zuwa shida ya kai na miya. In kika bar ɗaya a jiki har ya bushe ya tsage, ƙwayoyin suna leƙowa, wannan sai kin yi haƙurin makonni, amma a baƙi da fari busasshen abu ya fi ɗanye ba da hoto, saboda tsagewa da tauri da layi-layi. Kada ki tsaya kan kyakkyawa kawai. Ganyen da ƙwaro ya huda, tururuwa a bakin fure, ki bar su.

Za ki ɗauki ɗaruruwa kafin ki sami goma, haka abin yake ga kowa. Wurin zaɓe ne zuciya ke ciwo. In biyu sun yi kama, ɗaya ya fita, ko da kin sha wuya a kansa. Hanyar da nake bi ita ce in wanke kamar talatin ƙanana masu araha, in baza a kan tabarma, in bar su kwana biyu ina wucewa ina kallo. Wanda ya gundure ni in kife shi. A nan ma za ki ga wanda zai zauna kusa da wane, mai duhu kusa da mai haske, na kusa bayan na nesa. A fuskar waya ba a ganin wannan, tunda ɗaya-ɗaya suke zuwa. In bakwai suka rage masu ƙarfi, ki tsaya a bakwai, ba dole sai goma ba.

Wajen wanki ki buɗe ido. Yawancin injinan wanke hoto na gari don launi aka saita su, biki da suna da fasfo, in aka ba su baƙi da fari sukan fito da shi da ɗan kore-kore ko ja-ja. Wani shago ya taɓa wanke min hotuna goma sha biyu na wani aiki, a cikin shagon lafiya lau, da na fito rana sai ga su kamar an tsoma a miyar kuka. Ki sa a wanke ɗaya tukuna, ki fita da shi waje ki duba kusa da farar takarda, sannan ki ba da sauran. Ki nemi takarda marar ƙyalli. Ki sani kuma fuskar waya fitila ce, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, don haka hoto a takarda yakan fi duhu, ki rage hasken wayarki zuwa rabi lokacin gyara. In za ki tura ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, baƙin baya ya fito gaɓa-gaɓa. Girma kuwa kada ya dame ki. Waya mai megafiksel 12 tana ba da ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, a ɗigo 300 kowane inci ya kai inci 13 da 10. Inci 8 da 10 da farin gefe mai faɗi ya ishi ɗaki.

Akwai hoto ɗaya da zan so ki gwada a ƙarshe, ko da ya karya dokar da na ce ki kafa. Ki yanka ɗanyen kuɓewa a kwance, siriri sosai da wuƙa mai kaifi, ki manna yankan a jikin gilashi mai tsabta, yauƙinsa zai riƙe shi. Ki ɗaga gilashin ya fuskanci taga ta bayan farin mayafin. Ɗakunan cikin za su fito kamar tauraro, ƙwayoyin a zaune kowace a ɗakinta, haske yana ratsa naman. Ki yi sauri, cikin 'yan mintuna bakin yankan zai fara bushewa ya lanƙwashe. Ragowar kuɓewar ki miƙa wa Mama kafin ta fara cigiya.